Layi Mai Gurbi 44: Yadda Muka Gyara Rubutun Tarihin Kawu a Makka

Abin da Kawu ya nema a wurina bai taka kara ya karya ba. Yana so a buga masa tarihin gidanmu a takarda da manyan haruffa, kowane layi da lambarsa a gefe, don in ya ga kuskure ya ce mini "layi kaza", ba sai ya ɗora yatsa a kai yana jira in zo ba. Idonsa ya yi rauni tun bayan aikin yanar ido da aka yi masa, waya kuwa ba ya iya zuba mata ido na minti biyar. Na ce masa, "Kawu, in Allah ya yarda gobe bayan la'asar yana hannunka." Sai da aikin ya ci mako uku, kuma har yau da saura.

Mahaifin Kawu, wato kakana na wajen uwa, ya bar ƙasar Kano yana yaro tare da iyayensa, 'yan shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun bi ta Barno da Wadai suka shiga Darfur, suka zauna a Maiurno a bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, ya yi shekaru yana tsinkar auduga har ya tara kuɗin jirgi, ya ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda. A nan Makka aka haifi Kawu. Shekara shida ke nan yana ba da wannan labari kaɗan-kaɗan bayan sallar isha, a ɗakinsa na ƙasa a unguwarmu ta wajen Shari'a Mansur, duk wanda ke kusa a cikinmu ya rubuta.

Matsalar daga nan ta samo asali. Fayil 31 na tarar, kowanne da halinsa. Yayata ta rubuta nata a Notepad na Windows, tana danna maɓallin saukowa duk inda ta ga layi ya yi mata tsawo. Jikoki sun rubuta nasu a waya, kowane sakin layi ya zama layi guda ɗaya tilo mai haruffa ɗari bakwai ko fiye. Akwai kuma kashi na uku da aka kwafo daga wani PDF da wani ɗan'uwanmu na Sudan ya haɗa shekarun baya, layukansa a yanke daidai inda gefen shafinsa ya ƙare. A ciki akwai Hausar boko, akwai addu'o'i da ayoyi da Larabci masu wasali, akwai kuma waƙar tafiya da kakan ya yi.

Inda 44 ta fito

Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne. In an bar santimita biyu kowane gefe, saura 170. Na gwada salon haruffan DejaVu Sans Mono, wanda kowane harafi ke cin gurbi daidai da na ɗan'uwansa, na yi ta ƙara girma har Kawu ya ce ya iya karantawa ba tare da gilashin ƙara girma ba. A girma na 16 muka tsaya. A wannan girma harafi ɗaya yana cin kusan milimita 3.4, wato gurbi 50 a layi. Lambar layi da tazararta sun ɗauke shida. Saura 44.

Aikin ke nan: a sake zuba rubutun duka yadda babu layin da zai wuce gurbi 44. Kwamfutata Ubuntu 22.04 ce, wato wani nau'in manhajar Linux, kuma a kusan kowace Linux akwai ɗan ƙaramin umarni da aka yi musamman don wannan, sunansa `fmt`. Tsoho ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. A jami'ar Berkeley ta Amurka aka fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1970 don gyara layukan wasiƙun kwamfuta, a zamanin da allon kwamfuta gurbi 80 yake ɗauka, adadin da aka gada daga katin huji na IBM na 1928. Shi ya sa in ba ka faɗa masa faɗi ba yake tsayawa a 75.

Abin da ya sa nake son na GNU, wato sigarsa da ke cikin Ubuntu 22.04, shi ne ba cika layi yake yi har ya tumbatsa sannan ya sauko ba. Yana duba sakin layin gaba ɗaya, ya auna duk wuraren da za a iya yankawa, ya zaɓi tsarin da layukan za su fi kusa da juna a tsawo, bisa hanyar da Donald Knuth da Michael Plass suka wallafa a 1981. Yana neman kusan kashi 93 cikin ɗari na faɗin da ka ba shi, don ya bar wa kansa wurin juyawa. In ka ce 44, 41 yake hara. Yana kuma gudun yanka layi bayan kalmar farko ta jimla ko gab da ta ƙarshe. Ga mai raunin ido wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ido yana sabawa da inda layi ke ƙarewa.

Na kwafe fayilolin duka zuwa wata folda kafin in taɓa komai. Wannan wajibi ne, musamman da yake in mutum ya rubuta `fmt labari.txt > labari.txt` fayil ɗin zai koma fanko tun kafin `fmt` ya karanta harafi ɗaya.

Gwajin farko, fayilolin Yaya suka fito a dunƙule, shafi goma ba sakin layi ko ɗaya. Dalili shi ne Windows tana rufe kowane layi da alamomi biyu da ido ba ya gani, Linux kuma da ɗaya. Layin da Yaya ta bari fanko tsakanin sakin layi da sakin layi, a wurin `fmt` ba fanko ba ne, akwai ɓoyayyiyar alama zaune a kai, sai ya ɗauke ta kalma ya wuce. Na share ta da `tr -d '\r'`, wannan ya wuce cikin minti biyu.

Haruffanmu sun fi nauyi a ma'auninsa

Matsala ta biyu ce ta ɗauke ni kwanaki. Na lura shafin ba ya zama daidai. Wasu layukan Hausa suna tsayawa da wuri alhali kalmar da ke biye za ta shiga sarai. Na Larabci kuwa abin ya yi muni: addu'a ta koma siririn zare a gefen shafi, kalma biyu ko uku a layi, sauran takardar fari fat.

Shi `fmt` na wannan kwamfuta ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato ƙwayoyin ajiya. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma kusan duk rubutun intanet ke kansa a yau, haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci. Namu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, biyu-biyu. Kowa na iya gwadawa: `wc -m` yana ƙirga haruffa, `wc -c` yana ƙirga bayit. "Ƙasa" harafi huɗu ce, bayit biyar. "Ɗanɗano" bakwai ce, bayit tara. "Ɓaɓɓake" bakwai ce, bayit goma. Alamar da ke cikin 'ya'ya ma, in waya ta lanƙwasa ta kamar yadda wayoyin jikoki suka yi, bayit uku take ci ita kaɗai.

Larabci kowane harafi biyu ne, kowane wasali ma biyu, alhali wasali ba ya cin gurbi a layi, a saman harafi ko ƙarƙashinsa yake zama. Bisimilla haruffa 19 ce, da tazara uku gurbi 22, rabin layin Kawu. A lissafin `fmt` kuwa bayit 41 ce tun ba a sa mata wasali ba, wato ta cika layi. Kalmar farko kaɗai, بِسْمِ, gurbi uku take ci a ido, bayit 12 a wurinsa.

Na gwada ɗan'uwansa `fold`, abin ya fi haka lalacewa. Shi in ba ka sa masa `-s` ba, a bayit na 44 yake sara ko ina ya faɗa. Sau da dama ya faɗa tsakiyar ƙ, ya bar rabinta a ƙarshen layi rabi a farkon na ƙasa, duka biyun suka fito da alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Na daina amfani da shi nan take.

Ba na ganin laifin mutanen da suka rubuta waɗannan kayan aiki shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Harshensu suka yi wa. Amma abin ya tsaya mini a rai cewa har yanzu ɗan Hausa da zai gyara rubutun kakansa sai ya fara sanin nauyin ƙ a cikin na'ura.

Ga Hausar boko na sami dabara mai sauƙi. Rubutunmu ba ya amfani da q da x da v. Sai na ara su: kafin rubutu ya shiga `fmt`, a mayar da ƙ ta zama q, ɗ ta zama x, ɓ ta zama v, ya yi ƙirgensa daidai, in ya fito a mayar da kowa gidansa.

`sed 'y/ƙɗɓƘƊƁ/qxvQXV/' labari.txt | fmt -w 44 | sed 'y/qxvQXV/ƙɗɓƘƊƁ/'`

Da `sed` ake yin musanyar, domin `tr` shi ma bayit yake gani. Lanƙwasasshiyar alamar 'ya'ya kuma na miƙar da ita tun farko. Wuri ɗaya dabarar ta ci ni: wata jika ta rubuta takardar izinin shiga ƙasa da harafin v, sai ta fito "ɓisa". Na gyara ta koma "biza", daga nan na riƙa bincika haruffan nan uku da `grep` kafin kowane gudu.

Larabcin ba shi da irin wannan mafita, haruffansa sun yi yawa. Amma bai fi shafi goma sha biyu ba, sai na buɗe shi a manhajar gyara rubutu ta Vim, wanda yake auna gurbin da ido ke gani, ba ya lissafa wasali. Na sa `:set tw=44`, na riƙa bin kowace addu'a da `gqap`, umarnin sake zuba sakin layi, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, `wc -L`, mai faɗin tsawon layin da ya fi kowanne, ya ba ni 44. Na sa lambobi da `nl -ba -w4 -s'  '`, na kai maktabar bakin titi aka buga.

A cikin kwanakin nan Kawu ya tambaye ni me ya tsayar da aikin. Na ce masa na'urar bayit take ƙirgawa maimakon haruffa. Ya gyaɗa kai bai ce komai ba.

Waƙar

Daren da na kai masa takardun, ya karanta shafi ashirin yana gyara sunayen garuruwa, ni ina rubuta lambobi. Ya sha shayinsa, ya juya shafi, sai ya yi shiru. Ya matso da takardar kusa da fitila, ya mayar da ita baya.

"Ɗana, ina waƙar?"

Na ce, "Ga ta nan a hannunka, Kawu."

"Wannan ba waƙa ba ce. Kai ka ce mini na'urarka baiti take ƙirgawa. In dai baiti take ƙirgawa, ya aka yi ta cuɗe su wuri ɗaya kamar wasiƙa?"

Bayit na faɗa, baiti ya ji, kuma tambayarsa tana kan hanya. Aikin `fmt` biyu ne: ya yanka dogon layi, ya kuma haɗe gajeru. Duk layukan da ke jere ba fanko a tsakaninsu, kuma farkonsu ya yi daidai, sakin layi ɗaya ne a wurinsa. Ɗangon waƙa gajeren layi ne, don haka ya janyo na ƙasa ya cika na sama, ya yi ta yi har ƙarshe. Bai ɓata harafi ko ɗaya ba. Kalmomin kakan duk suna nan a jere yadda ya faɗe su, amma wurin numfashi ya tafi.

Saukowar layi iri biyu ce, a fayil kuwa alama ɗaya ce. Akwai wadda Yaya ta yi don allon ya ƙare mata, wannan ba ta da ma'ana, sharewa ya kamata a yi. Akwai wadda mawaƙi ya yi don a nan ɗango ya cika. Babu umarnin da zai bambanta su, sai wanda ya san abin da aka rubuta. Ni na san akwai waƙa a ciki, hankalina ne ya tafi kan lissafin bayit har na manta da ita.

Rabin farko na waƙar bai ba da wahala ba. Yaya ta rubuta shi ɗango-ɗango, kuma asalin fayil ɗinta yana nan a ajiye. Na cire waƙar na ba ta fayil nata daban, ita ba ta bi ta `fmt` sai da `-s`, wanda ke hana shi haɗe gajerun layuka, ya yanka masu tsawo kawai. Sai a ƙarshe ake jera fayilolin da `cat` bisa lambobinsu.

Rabin ƙarshe shi ne abin da ya tayar mana da hankali. Daga PDF ɗin nan ya fito, kuma da na koma asalinsa sai na tarar tun can a cuɗe yake. Ɗan'uwan namu ya juyo shi daga ajami zuwa boko, ya rubuta shi a jere kamar labari, wataƙila don tsimin takarda, ya kuma zubar da 'yan alamomin da ke raba ɗango da ɗango a rubutun hannun. Takardun ajamin suna gidan danginmu a Wad Madani. Da yaƙi ya isa garin a Disambar 2023 suka fita da kayan jikinsu zuwa Gadarif, takardun suka rage a cikin akwati. Wanda ya haɗa PDF ɗin kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin yaƙin.

Na fara gwada wayo. Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, amsa-amonta "wa". Na ce bari in sa `sed` ya sauko layi bayan duk kalmar da ta ƙare da "wa". Duk mai jin Hausa ya san abin da zai biyo baya: zuwa, kowa, tahowa, Hausawa, rayuwa, baiwa, ga su nan birjik a tsakiyar ɗango. Ya daddatsa waƙar gunduwa-gunduwa. Ko da ma ya dace, a 'yar ƙwar biyu ɗango na biyu ne ke ɗauke da amsa-amo; ƙarshen na farko ba shi da wata alama sai karin da ke kunnen mai rerawa.

Na faɗa wa Kawu gaskiya cewa na'ura ba za ta iya ba. Ya ce, "To kawo ta nan, ka zauna."

Dare tara muka yi. Nakan ɗora kwamfutar a kan ƙaramin teburin shayi, in buɗe cuɗaɗɗen rubutun, in karanto masa kalmomi biyar ko shida. Sai ya rufe ido, ya ɗauko karin da mahaifinsa ke rera ta da shi, yana buga gwiwarsa da yatsu biyu. Inda yatsun suka tsaya, in danna maɓallin saukowa. Wani lokaci yakan wuce gaba da abin da na karanto, ya rero baiti uku da ka, ni ina bin sa da ido a allo ina yankawa. Wani lokaci kuma ya tsaya ya ce, "Koma baya. Akwai gaɓa ɗaya da ta yi yawa." In muka duba sai mu ga mai juyowa ya ƙara "kuma" ko "sai" da ba ta cikin waƙar. Irin waɗannan kurakurai shekaru suna zaune a rubutun, ba wanda ya gan su, saboda a zube ba sa tuntuɓe da komai. Sai da aka mayar da layi gwargwadon numfashi suka fito fili.

A baitocin da ke maganar ƙetare bahar daga Sawakin muryarsa takan yi ƙasa, in ya kai ƙarshe ya ɗan daɗe kafin ya ce in ci gaba. Ban taɓa jin an rera wannan waƙa daga farko har ƙarshe ba sai a wannan zama.

Tsarin da na tsaya a kai yanzu shi ne, uwar rubutu ɗaya ce, kuma a cikinta babu saukowar layi sai mai dalili: ƙarshen sakin layi, ƙarshen ɗango, ƙarshen aya. Mai gurbi 44 kwafi ne da ake fitarwa daga gare ta duk lokacin da za a buga wa Kawu. In ya ce layi na 212, sai in duba shi da `sed -n '212p'`, in nemo jimlar a uwar rubutun in gyara a can. Da yake gyaran kalma ɗaya yana iya gusar da lambobin duk abin da ke ƙasa, kowane bugu ina rubuta masa kwanan wata a saman shafi, kada mu yi magana a kan takardu biyu daban. Dangi kuwa uwar rubutun nake tura musu ta WhatsApp. Na taɓa tura mai 44 sau ɗaya, allon wayarsu ya fi shi ƙunci, kowane layi ya karye biyu, dogo da guntu, dogo da guntu, har wata ƙanwata ta bugo tana tambaya ko duk labarin waƙa ne.

A dare na tara muka zo wani wuri kusa da ƙarshe, bayan saukar su Jidda, inda lissafi ya ƙi fita. Ɗango ɗaya ya tsaya shi kaɗai, mai amsa-amo, babu abokinsa na sama. Kawu ya rera baitin da ke gabansa sau huɗu, yana zuwa wurin yatsunsa su ci gaba da bugu bakinsa ya tsaya. Ya ce ya san akwai maganar rijiya a ciki, iyakar abin da ya zo masa ke nan. Na ce ko in haɗa marayan ɗangon da baitin sama, ya ce a'a, in bar masa wurinsa.

Na bar layin fanko. Da yake `nl -ba` yana lambata har layin da ba komai a kai, a bugun da ke hannun Kawu yanzu akwai lamba 1306 a gefe, gabanta fari. Akwai wata gwaggonmu a Gadarif, 'yar ƙanen kakan, da aka ce tana rera waƙar in tana tankaɗe. Na tura wa jikanta baitin sama da na ƙasa a saƙon murya, da muryar Kawu, na roƙe shi ya kunna mata in sun sami layin waya.